Ya turo mini "It's over" ya kashe waya: saki ne ko ba saki ba ne?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata shida da aure, 'ya'yanmu biyu. Maigidana yana aiki a Abuja, ni ina Kano, sai ƙarshen wata yake zuwa. Bara ya karɓi sarƙata da 'yan kunnena na gwal ya sayar, ya ce zai cika kuɗin fili ne, bayan sallah zai biya ni. Sallah biyu sun wuce shiru. Ranar da na tayar da maganar a WhatsApp muka yi ta sa-in-sa har tsakar dare, ni ma na faɗi maganganu cikin fushi. Ƙarshe ya rubuto "It's over" ya kashe wayarsa, kwana uku ban same shi ba. Da safe na nuna wa yayana, wanda ya yi jami'a, ya ce ai wannan rabuwa ce ƙarara. Mama ta ce in tattaro yara in dawo gida. Yau mako uku ke nan ina gidanmu. Yanzu maigidan nawa yana ta kira, wai shi rigimar yake nufi ta ƙare, bai sake ni ba. Yaya ya ce ƙarya yake yi, nadama ce ta kama shi. Da ma akwai saki ɗaya tsakaninmu shekara biyu da suka wuce. Don Allah Anti, ke da kika koyar da Turanci, mece ce ainihin ma'anar kalmar nan? Da aurena ko idda nake yi?
Maman biyu, daga Kano

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanyaya miki, ya kawo mafita.

Tambaya biyu kika haɗa a wuri ɗaya, kuma ɗaya ce kawai tawa. Maganar Turanci zan warware miki ita iya sanina. Hukuncin ko igiya ta tsinke ko ba ta tsinke ba na malami ne ko alƙali, bayan ya ji ta bakinki ya ji ta bakin mijinki. Abin da zan yi miki a wannan ɓangaren shi ne in nuna miki yadda ake kallon irin wannan magana, don ki je gabansu kin san abin da za a tambaye ki.

Ta fuskar harshe dai, yayanki bai yi kuskure ba, mijinki ma abin da ya faɗa yana yiwuwa. Kalmar nan "over" tana cikin ƙananan kalmomin Turanci masu ɗaukar kaya da yawa, kuma ke ma kin fi saninta fiye da yadda kike zato, domin ta daɗe da shigowa bakinmu. Direban da ya labta wa motarsa kaya fiye da ƙima mu ce ya yi obalodi, a nan tana nufin wuce iyaka. Ɗan wasa ya buga ƙwallo ta haye saman raga yara su ce ta yi oba, a nan tana nufin bisa. Ɗalibin jami'a da ya faɗi kwas ya ce yana da kari-oba, wato ya ɗauko kayan bana zai tsallaka da su baɗi. In aka rubuta "over 18" a takarda, wanda ya haura shekara 18 ake nufi. "Over and over" maimaitawa ce, a yi a sake yi. "Start over" kuwa a koma farko a sake sabon lale, kin ga a nan ma farawa take nufi, ba ƙarewa ba. Asalin kalmar a tsohon Turanci ma'anar bisa da ƙetarewa take ɗauke da ita, ƙarewar daga baya ta tsiro: abin da aka haye aka bari a baya, shi ne ya wuce.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce ta wayar 'yan sanda da sojoji, wadda muke ce wa oba-oba. Sunan ya samo asali ne daga yadda mai magana yake rufe zancensa da wannan kalma. A can ba ta nufin hira ta ƙare. Nufinta na gama tawa, saura kai, ina sauraro. In suna son rufe hirar gaba ɗaya wata kalma suke faɗa daban. To ko a ma'anar ƙarewar ma, sai an tambaya: me ya ƙare? Zance? Wasa? Taro? Damina? Bature zai ce taro ya zama "over", ya ce yaƙi ya zama "over", ya ce zazzaɓi ya zama "over", duk da kalma ɗaya.

Saboda haka nauyin saƙon mijinki ba a kan "over" yake ba, a kan 'yar ƙaramar kalmar da ke gabanta yake, wato "it". Wakilin suna ce, ba ta da ma'anar kanta, abin da aka ambata a baya take nunawa. Daidai take da mutum ya ce miki "ya ƙare" ko "shi ke nan" ya juya ya tafi. Shi ke nan me? Da ya rubuta "It's over between us", da ya ambaci tsakaninku, da yayanki ya fi samun abin kamawa. Da ya rubuta "This discussion is over", da ya ambaci zancen, da ba ki bar ɗakinki ba. Bai rubuta ko ɗaya ba. Ya bar gurbin a buɗe.

Amma ba zan ɓoye miki ba, don kada ki ce Anti ta goyi bayan namiji: in mace da namiji suna rigima ɗaya ya ce wa ɗaya "It's over" ya yanke waya, mafi yawan masu jin Turanci rabuwa za su fahimta. Haka ake faɗinta a finafinai, haka samari da 'yan mata suke sallamar juna da ita. Mutumin da yake aiki a Abuja, yana rubuta Turanci kullum, da wuya a ce bai san haka ba. Ko dai rabuwar ya nufa a lokacin, ko ya nufi zancen amma fushi ya hana shi lura, ko kuma, wanda na fi zargi a irin waɗannan wasiƙu, ya zaɓi kalma mai fuska biyu da gangan don ya tsorata ki ba tare da ya ɗauki nauyin furta saki ba. Maza da yawa 'yan boko sun gano wannan dabara. Abin da bakinsu ba zai iya faɗa da Hausa ba saboda sun san hukuncinsa, sai su lulluɓe shi da Turanci, in ta yi zafi su ce ba haka suke nufi ba.

Akwai dalilin da ya sa Turawa suke sakin irin wannan magana ba fargaba. A wurinsu furucin miji ba ya kashe aure, kotu ce take kashewa. A Ingila da Wales, ƙarƙashin dokar da ta fara aiki a watan Afrilun 2022, wanda yake son rabuwa sai ya shigar da takarda, a jira mako 20 kafin umarnin farko, a ƙara mako 6 kafin na ƙarshe. Kusan rabin shekara ke nan. Mutum zai iya ce wa matarsa "It's over" sau goma a dare ɗaya, gari ya waye tana nan matarsa a idon doka. Harshensu bai taɓa buƙatar ya tantance wannan kalma ba. Mu kuwa aure a bakin miji yake, har hadisi ya zo a Abu Dawuda da Tirmizi cewa abu uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure da saki da kome, wato mayar da matar da aka saka. Wanda ya ɗauko kalmar can ya jefa a cikin aurenmu na nan, ya ɗauko abin da ba a ƙera shi don wannan aiki ba.

Yanzu ga yadda malamanmu na Malikiyya suke rarraba lafazin saki. Akwai bayyananne, wanda ba ya ɗaukar wata ma'ana, kamar "na sake ki". Wannan ba a tambayar niyya, kuma ko da wane harshe aka faɗe shi ya auku, da ya rubuta "I divorce you" da babu sauran muhawara. Sai kinaya, wato magana a kaikaice, ita ma kashi biyu ce. Akwai bayyananniya, wadda al'adar mutane ta riga ta mayar da ita saki, har in an faɗe ta kowa ya san me ake nufi. Akwai kuma ɓoyayyiya, irin su "tafi", "ki bar nan", "je ki gidanku", wadda take iya zama saki take iya zama kora ta fushi kawai. A wannan ta ƙarshe ana komawa ga niyyar mijin ne, a tambaye shi, in ta kama a rantsar da shi.

Misalin da ya fi fito da wannan a fili yana cikin Bukhari. Matar da aka ɗaura wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, aure da ita, 'yar gidan Jaun, da ya shiga wurinta ta nemi tsarin Allah daga gare shi, sai ya ce mata ta koma ga danginta, kuma wannan ya zama rabuwa. Ka'abu ɗan Malik kuma, sahabin da bai je yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira aka ƙaurace masa kwana 50, da aka kai kwana 40 aka aiko masa ya nisanci matarsa. Ya tambaya, sakinta zai yi? Aka ce a'a, nisanta kawai. Sai ya ce mata ta koma ga danginta har Allah ya yi hukunci. Lafazi iri ɗaya, amma matar Ka'abu tana nan matarsa, domin bai nufi saki ba.

To a wane kashi "It's over" take? Nan ne aikin malami yake, kuma nan ne nake roƙonki kada ki yarda da fatawar tsaye a bakin masallaci ko ta wani zauren WhatsApp. Babban malamin Malikiyya na Masar, Alƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya yi dogon bayani cewa hukuncin irin waɗannan lafuzza yana bin al'adar masu magana ne, kuma in mutum ya zo daga wani gari yana neman fatawa, kada malami ya ɗora masa al'adar garinsa, ya tambayi yadda ake fahimtar maganar a inda ya fito. Littattafan da malamanmu suka karanta a zaure sun jero kinayoyin Larabawa, malaman kuma sun san na Hausa irin su "na sawwaƙe miki", amma wannan ta Turanci sabuwa ce a gare su. Malamin da ba ya jin Turanci dole a fassara masa, kuma duk wanda ya fassara ya riga ya yi rabin hukuncin. In yayanki ne ya fassara zai ce "mun rabu". In abokin mijinki ne zai ce "maganar ta wuce". Saboda haka ku nemi malami mai jin harsunan biyu, Kano ba ta rasa su ba, a jami'o'i da kotuna duk akwai, ko kuma a zo da mai fassara wanda ba shi da dangi a cikinku, a ba shi hirar gaba ɗaya ya karanta, ba layi ɗaya ba.

Na ce gaba ɗaya, domin akwai abin da wasiƙarki ta tsallake. Kin ce ke ma kin faɗi maganganu cikin fushi. Waɗanne? Ki buɗe wayarki yanzu ki duba saƙonki na ƙarshe kafin nasa. In abin da kika rubuta shi ne "wallahi ba zan daina maganar gwal ɗin nan ba sai ka biya ni", ya amsa da "It's over", to "it" ɗin ta fi karkata ga zancen, kamar ya ce na rufe wannan babi. In kuwa kin rubuta "in ka gaji da ni ka sake ni mana", ko "ka aiko mini da takardata", ya amsa da haka, to magana ta canza sosai, domin amsa tana bin tambaya ne, kuma malamai suna duba yanayin da aka yi furuci a cikinsa, ba niyyar da miji ya faɗa daga baya kawai ba. Ban san wanne ne ba, ke kika sani. Abin da nake so da ke shi ne kada ki ɓoye shi a gaban malami don kina son hukuncin ya faɗo ta wani ɓangare. Zaman da aka gina a kan ɓoye irin wannan, ke ce za ki kwana da shi a rai shekara da shekaru.

Kada kuma wani ya ce miki ai rubutu ne a waya, ba furuci ba, don haka ba komai. A mazhabarmu saki yana aukuwa da rubutu in mutum ya rubuta da ƙudurin saki, in ma yana cikin taraddadi ne lokacin rubutawa, to da zarar takardar ta isa hannun matar ta auku. Saƙon da ya shigo wayarki kika karanta ya isa. Haka nan fushi ba ya zama uzuri sai in ya kai mutum bai san abin da yake faɗa ba, kuma ai da ma ba a saki cikin raha. Abin da ya rage a tantance shi ne lafazin da niyyar, ba hanyar da aka aiko shi ba.

Sai maganar da za ta yi wa Mama ɗaci, a yi mini afuwa. Dawowarki gida kuskure ne ta kowace fuska. In ba saki ba ne, kin yi yaji a kan fassarar yayanki. In saki ne, na biyu ke nan, na kome ne, kuma ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce kada a fitar da mata daga gidajensu, su ma kada su fita, a ɗakinta mace take idda, ci da sha da wurin kwana duk a wuyan mijin. Ayar ta rufe da cewa ba ka sani ba ko Allah zai farar da wani al'amari bayan haka. Mu Hausawa mun yi watsi da wannan hukunci tun da daɗewa, da an ji kalmar saki sai a nemo mota a kwashe kaya, har da labule da ƙusar bango, shi ya sa sakin da zai gyaru cikin mako guda yake zama zawarcin shekara uku. Na fahimci zafin Mama, 'yarta aka wulaƙanta, kuma an ci mata gwal. Yayanki ma kishinki ne ya motsa shi. Amma digiri ba ya mayar da mutum mufti, kuma cewar da yake yi ƙarya mijinki yake yi, shi ma bai shiga zuciyarsa ya gani ba. A bar wa rantsuwa wannan. In mijinki ya rantse a kan ƙarya, tsakaninsa da Allah ne, ke ba ki da laifi.

Ga abin da za ki yi, kuma ki fara yau. Ki ɗauki hoton hirar tun daga farkonta har ƙarshe, yadda kwanan wata da lokaci za su fito, ki tura wa kanki ta imel ko ki ajiye a wata wayar. WhatsApp yana barin mutum ya gyara saƙonsa cikin minti 15 ne kawai, gogewa daga ɓangarorin biyu kuma kusan kwana biyu, saboda haka shi ba zai iya taɓa nasa yanzu ba, amma waya tana faɗawa ruwa, yara suna latse-latse. Ke ma kada ki goge naki saƙonnin don kunya. Ki rubuta ranar da abin ya faru, ki tuna ko kina cikin tsarki ne ko kina al'ada a daren, domin za a tambaye ki: sakin da aka yi mace tana haila yana aukuwa a Malikiyya, amma ana tilasta wa mijin ya mayar da ita. In kina shakkar ciki ki gwada, don iddar mai ciki haihuwa ce.

Kada a ja lokaci. In hukunci ya fito cewa saki ne, iddarki ta fara ƙirguwa tun daren nan, tsarki uku ne, kuma mako uku sun riga sun tafi. Cikin idda yana da damar mayar da ke ba sabon sadaki ba sabon ɗaurin aure. In ta cika ana ta jan rai tsakanin gida biyu, sai da waliyyi da sadaki da shaidu, sabo fil. Na sha ganin iyalai sun ɓata wata uku a kan wa zai fara zuwa gidan wa.

Zaman kuwa ba ta waya za a yi shi ba. Abuja zuwa Kano tafiyar yini ɗaya ce, ya zo da ƙafarsa. A samu mahaifinki ko wanda yake waliyyinki, da wani babba daga danginsa, kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a tayar da mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta, ga malamin a zaune. A tambaye shi da Hausa, ya amsa da Hausa: ranar kaza da ka rubuta kaza, ka nufi sakin matarka ko ba ka nufa ba? Kada a karɓi "ai kun gane" ko "I didn't mean it that way". E ko a'a. Abin da malamin ya yanke a rubuta shi a takarda, shaidu biyu su sa hannu, ki riƙe kwafi. Dalilina na nacewa a kan takarda shi ne lissafin igiya. Yau kowa yana tuna cewa saki ɗaya ne a baya. Nan da shekara biyar, in wata rigimar ta taso ya furta saki, za a dawo ana gardama na biyu ne ko na uku, kuma bambancin su biyun shi ne bambancin komawa ɗaki da haramta har sai kin auri wani. A nan ne mutane suke faɗawa auren kisan wuta, wanda aka la'anci mai yinsa da wanda aka yi dominsa. Wasu malamai za su ce masa ya furta kome don kariya, ya ce in ma saki ne ya mayar da ke. Wannan yana da kyau, amma ba ya amsa tambayar igiya nawa ta rage, sai an amsa ta daban. Kafin a yi wannan zama kuma, ko da kin koma ɗakinki, ku dakata da kusantar juna, domin a mazhabarmu kwanciya ba tare da niyyar mayar da ke ba ba ta mayar da aure.

In ya ƙi zuwa, ko gidajen biyu suka kasa jituwa a kan malami ɗaya, Hukumar Hisbah ta Kano, wadda aka kafa da doka tun 2003, tana zaman sulhun ma'aurata kullum a ofisoshinta na ƙananan hukumomi. In nan ma bai yiwu ba, kotun shari'ar Musulunci ta unguwarku ita ce mai hurumin tabbatar da saki ko kore shi, kuma hukuncin alƙali yana yanke saɓani yadda fatawa ba ta yankewa. Zuwa kotu don a tantance matsayin aure ba tonon asiri ba ne.

Ko da an wanke shi daga saki, akwai tambayar da nake so wani babba ya yi masa a zaman nan: in zancen kawai ka rufe, me ya sa ka kashe waya kwana uku? Wanda ya ce rigima ta ƙare, da safe yakan kira ya ji yadda yara suka tashi. Ya san yadda za ki fahimci saƙon, ya bar ki a cikinsa kwana uku. Wannan horo ne da tsoro, kuma in ba a taka masa burki yanzu ba zai maimaita, tunda ya ga ya yi aiki: maganar gwal ta mutu, kowa ya koma maganar kalma. A sa masa sharaɗi a gaban manya cewa duk maganar da ta shafi zaman aurenku da Hausa zai yi ta, baki da baki. Ke ma ki ɗauki naki rabon. Bin bashi da tsakar dare ta hanyar saƙo, mutum yana wani gari, kowa yana rubutu cikin zafi ba ya ganin fuskar ɗan'uwansa, ba ya kawo kuɗi. Ki riƙa bari sai ya zo, ko ki sa wanda yake jin nauyinsa ya yi masa magana.

Gwal ɗin kuma kada a bari ya nutse a cikin murnar sulhu, don na san halinmu, da an ce Alhamdulillahi aure yana nan sai a ce ki yi haƙuri ki bar maganar. Dukiyar mace tata ce, aure bai ba miji iko da ita ba, abin da ya karɓa da sunan zai biya bashi ne kamar na kowa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A rubuta naki a wannan zaman. Kuma a rubuta shi da nauyi, giram nawa, gwal ɗin wane iri, ba da naira ba, domin kuɗin da aka sayar da sarƙar bara ba zai sayo miki irinta bana ba. In kina da rasiɗin sayenta ki nemo shi, in babu, masu gwal a kasuwa za su iya ƙiyasta nauyin daga hoto da bayanin wadda ta saya miki. In ba shi da kuɗi a hannu, a sa wa'adi kashi-kashi, ko a rubuta miki kaso a filin da aka saya da shi, sunanki ya shiga takarda.

Abu ɗaya ban gani a wasiƙarki ba. Kin tambaye ni ma'anar kalma, kin tambayi matsayinki, amma ba ki ce kina son komawa ko ba kya so ba. Na lura da yadda kika kawo maganar yayanki ba ki musa ta ba. In a ranki kin gaji, kina fatan a ce saki ne don ki huta, to kada ki rataya wannan a wuyan kalmar Turanci mai fuska biyu, ki fito ki faɗa. Shari'a ta ba ki hanyoyinki. Akwai khul'i, kamar yadda matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki aka raba su, ba tare da ta zarge shi da mugun hali ba. In kuma akwai cutarwa da za ki iya tabbatarwa, alƙali a mazhabar Malik yana da ikon raba auren ba tare da kin mayar da komai ba. In kuwa kina son mijinki da ɗakinki, fushi ne da maganar gida suka riƙe ki, shi ma ki faɗa, kada kunyar Yaya ta sa ki yi shiru a yanke miki abin da ba ki zaɓa ba. Ki samu mahaifinki ku kaɗai kafin ranar zaman, ba Mama ba Yaya, ki gaya masa wanne ne a ranki, don ya san abin da zai nema miki idan an zauna.